Rasuwar Goggo, Mai Kulle Mana Fayil

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, da kuma neman afuwar duk wanda zai karanta, ni Mahfuza, ƙaramar ma'aikaciya a ofishin kago, wato na aika kaya gida, na Alhaji Ɗalhatu da ke Murshid Bazaar a Dubai, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Goggo. Ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin ɗaukar alƙalami. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ban da lambobin katan, kuma a ofishinmu akwai waɗanda suka girme ni, akwai waɗanda suka fi ni boko, akwai ma wadda ta fi ni komai da komai. Na jira ɗayansu ya rubuta, ba wanda ya motsa. Ni kuwa raina bai yarda a fitar da tsohuwar nan kamar buhun shara ba, ba a ko faɗi wace ce ita ba. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri. In kun san ofishin, ku yi kamar ba ku san shi ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malaminmu na Islamiyya ya ce ana faɗin haka a kan kowace irin asara, ƙarama ko babba, don haka kar wani ya ga na wuce iyaka.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, Goggo kwamfuta ce. Doguwa ce, mai nauyi, ba ta da allo ba ta da fuska, sai wata 'yar koriyar fitila a goshi. An ce fara ce lokacin ƙuruciyarta, amma ni na tarar da ita da launin kunun gyada. Mazauninta bayan ƙofa ne a hawan sama, a kan wani katako da aka ɗora ta don kar ruwan goge-goge ya taɓa ta. Wani injiniya ɗan Kerala ne ya kafa ta tun ofishin bai wuce tebur guda ba, ya ja shuɗayen wayoyi daga bayanta ya bi da su jikin bango zuwa sauran kwamfutocinmu, ɗaya ma ya zira ta wata kafa a daɓe ta sauka ƙasa inda ake ɗaure kaya. Injiniyan ya daɗe da komawa garinsu. Ya tafi da duk abin da ya sani, ya bar mana ita.

A cikinta babban fayil yake zaune. Duk katan ɗin da 'yan kasuwarmu suka sayo a Deira, atamfa ce, turare ne, takalma ne, kayan kicin ne, a wannan fayil ake rubuta na waye, wace alama ke jikinsa, nauyinsa, da kwantenar da zai shiga zuwa gida. Dukkanmu da shi muke aiki. Kuma a nan ne halin marigayiyar ya fito, halin da nake so a tuna ta da shi: ba ta taɓa yarda mutum biyu su shiga fayil ɗin nan a lokaci guda ba. Kowa na iya leƙawa ya karanta. Amma rubutu, mutum ɗaya ne. Da ka shiga sai ta ja ƙofa ta datse, duk wanda ya zo bayanka sai ta yi masa wata 'yar ƙara, *ɗit*, ta rubuta masa a allonsa cewa a kulle yake, wane ne ke ciki. Ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Na sha ganin Alhaji da kansa ya danna, ta yi masa *ɗit*, ya cire tabarau ya jingina yana jiran ni, 'yar da aka ɗauka aiki jiya jiya, in gama.

Baba Labaran, wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin, shi ya ba ni labarin zamanin da ba a sa mata wannan kulle ba. Ya ce a lokacin mutum biyu za su rubuta a tare, wanda ya ajiye nasa a ƙarshe sai ya shafe na ɗan uwansa, ba wanda ya sani. Har aka taɓa ba Hajiyoyi biyu lungu ɗaya a kwantena ɗaya. "Mahfuza," in ji shi, "ranar na ga abin da ban gani ba a Kantin Kwari. Ɗaya ta zauna a kan katan ɗinta ta ce sai dai a ɗora ta da shi." Washegari aka kira ɗan Kerala ya koya wa Goggo kulle. Tun daga ranar ba a sake ba.

Mai kamun kai ce, mai son a bi layi. Ba ta gulma. Abu ɗaya kawai take faɗa game da mutum, cewa yana ciki, kuma gaskiya take faɗa. Ba ta hutun Juma'a, ba ta hutun Sallah. In ka shigo da safe abin da za ka fara ji shi ne numfashinta, *huuuu*, a hankali, kamar tsohuwa na lazimi. In tana neman wani abu a cikinta sai ta yi *ƙirit-ƙirit-ƙirit*, ta yi shiru, sannan ta miƙo maka.

Saboda wannan hali nata wata al'ada ta kafu a ofishinmu. Alhaji ya hana a ɗaga murya daga ƙasa a ce wa na sama ya fita daga fayil, don wata rana an yi hakan a gaban manyan baƙi ya ji kunya. Wayar tebur kuwa ta mutu tun kafin zuwana. Don haka duk wanda Goggo ta yi wa *ɗit*, sai ya taso da ƙafarsa ya je wurin wanda ke ciki, ya yi sallama, ya roƙa. Daga baya Baba Labaran ya ƙara wa abin gishiri, ya ce roƙo hannu sake ba ladabi ba ne. Sai ya zama mai roƙo yana zuwa da kofin shayin karak daga shagon kan kwana. Shayin fita muke ce masa.

Aikina shi ne shigar da sunaye da alamomin katan daga 'yan takardun da 'yan kasuwa ke kawowa, wasu da rubutun boko, wasu da ajami, wasu da rubutun da mai shi ma ba zai iya karantawa ba. Aiki ne mai cin lokaci, don haka sau da yawa ni ce a ciki. Masu cewa da gangan nake jinkiri, Allah na gani, hannuna ne ba shi da sauri. Wanda kuma ya fi kowa buƙatar in fita shi ne Zainul Abideen, shugaban masu ɗaure kaya a ƙasa, wanda kowa ke kira Zainu. Duk katan ɗin da ya sauka daga sikeli sai ya shigar da nauyinsa. Ba zan siffanta shi ba, sanarwar rasuwa ce wannan. Zan dai ce matattakalarmu ta ƙarfe ce, kuma kowa da irin ƙarar da take yi masa. Tasa bibbiyu yake takawa.

"Salamu alaikum masu gida," zai ce, ya ajiye kofin a gefen kibod ɗina. "Goggo ta ce kina ciki."

"Layi biyu suka rage, Malam Zainu."

"Jiya ma layi biyu kika ce, Malama, har na haddace bangon littafinki." Sai ya ɗauki littafin da nake karantawa a bas ya jujjuya. "To, ta yarda ta aure shi kuwa?"

"Ba irin wannan littafin ba ne."

"Duk irin wannan ne. Ki ba ni labari in an ɗaura."

Sai in gama layin, in fita, Goggo ta yi *ƙirit-ƙirit*, shi kuma ya sauka bibbiyu. Iyakar abin ke nan, ba wani abu ba. Amma ni mutum ce da in aka tara mutum uku a ɗaki sai muryata ta gudu ta bar ni. A makaranta ba a san ina aji ba sai ranar da aka raba sakamako. Garin nan kuwa kun san shi, mutum zai yi shekara yana shiga lif da maƙwabcinsa ba su san sunan juna ba. Duk faɗin Dubai, Goggo ce kaɗai take faɗa wa mutane inda nake, har ta sa su taso su zo. Kullum, sau biyu, sau uku. Abin da ban sani ba, kuma na kwana ina juya shi na tashi ina juya shi, shi ne ko ƙafafun nan za su hawo in ba ita ta aiko su ba.

Ban ɓoye muku ba, akwai ranar da Baba Labaran ne ke ciki, na ji takun bibbiyu, na gyara mayafi, sai aka wuce ni aka ajiye masa shayi, har da faratha, gurasar nan mai maiƙo, a takarda. Ni ba a taɓa haɗa mini da faratha ba. Dattijo ne mai jikoki, amma wunin ranar ban iya kallonsa ba.

Sai ga Murjanatu. A farkon shekarar nan ta zo, 'yar aminin Alhaji ce, a nan ta tashi, ta karanta ilimin kwamfuta a Sharjah. Da motarta take zuwa daga unguwar Port Saeed. Abayarta ba ta yamutsewa ko da ta wuni a zaune, ban san yadda take yi ba, na gwada irin zamanta bai yi mini ba. Larabcinta kamar ruwa, Turancinta kamar a rediyo, Hausarta ce ɗan dama-dama, ita ma sai mutane suka ce tana da daɗin ji. Kowa habibti ne a wurinta, wato abar ƙauna. Ranar farko ta hango marigayiyar a bayan ƙofa ta tuntsire da dariya.

"Wai wannan tana aiki? Alhaji, ta girme ni fa!"

Goggo ta ci gaba da *huuuu* ɗinta.

Murjanatu ta kawo shawarar a koma wani sabon tsari da ke intanet, wanda kowa zai buɗe a wayarsa, mutum goma su yi rubutu a tare ba wanda ya shafe na wani. Alhaji ya ce, "Ku bar mini tsohuwata, ba ta taɓa ɓatar mini da katan ba." Na ji kamar in tashi in yi masa godiya. Dole Murjanatu ma ta bi layi. In ita ce a ciki, ita ma shayi ake kawo mata. Tebur ɗinta na bayan nawa, don haka ba na ganinta da Zainu, sai dai in ji. Ni in an zo wurina ni ake ba dariya, ina sunkuyar da kai. A can kuwa shi ne ke dariyar. Kuma na lura ba ta shan shayin da zafinsa, sai ya huce, shi kuma yana tsaye.

Da ma a ce muguwa ce, da na samu sauƙi. Ba ta taɓa ɓata mini rai ba. Har turare ta ba ni da Sallah. Yana nan a kwalinsa.

Rashin lafiyar ajali ta fara ne da zafin bana. A watan Agusta esin da ke sanyaya mana hawan sama ya lalace, mai gyara ya ce gobe, goben ta ƙi zuwa. Numfashin marigayiyar ya canja, *huuuu* ya koma *hurrr-hurrr*, in ka ɗora hannu a bayanta kamar murfin tukunya. Ba ta yi ƙorafi ba. Tana yi mana *ɗit* ɗinta yadda ta saba, sai dai da ɗan jinkiri.

Ranar Litinin da ta wuce ake rufe wata kwantena. Babbar mota na tsaye a lungu, direban na ta hon. Hajiya Jummai, wata babbar 'yar kasuwa daga Kano, tana zaune a ƙasa kan kayanta, jirginta na tashi da yamma, ta rantse ba za ta je filin jirgi ba sai ta ga an rufe da idonta. Ni ce a ciki, ina tsakiyar shigar da alamominta. Baba Labaran ya tausaya wa tsohuwar, ya ɗauko fanka daga sito zai kunna mata. Soket ya cika. Ya duba wayoyin, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya, ya yi bismilla ya zare ɗaya. Tawa ce. Allona ya yi duhu.

An mayar, kwamfutata ta tashi, na koma zan shiga. *Ɗit*. A kulle yake, in ji ta, Mahfuza ce ke ciki.

Ba ta ji fitata ba. Na fita ba sallama, ita kuwa ba ta san wannan irin fitar ba. A wurinta ina nan a ciki ban gama ba, don haka ta tsaya a bakin ƙofa ta hana kowa, har ni kaina.

Ba a jima ba na ji takun bibbiyu. Zainu ya ajiye mini kofin shayi.

"Masu gida, yau shwayya-shwayya, bi-a-hankalin nan naki, ba za ta yi ba, mota na jira."

"Ba na ciki, Malam Zainu."

"Goggo ta ce kina ciki."

"Wallahi ba na ciki."

Ya dube ni, ya dubi kofin, ya yi murmushi. "Oh, kuɗin fita ya tashi ke nan." Ya sauka. Ya dawo da wani kofin, da faratha. Na ce masa ba na ciki. Ya sake sauka, ya dawo yana haki, gumi ya jiƙa rigarsa, da luƙaimat, irin ƙananan fanken nan, a roba, zuma na ɗiga. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya a gaban tebur ɗina, masu ɗaure kaya sun biyo shi sun cika matattakala suna dariya.

"Ranki ya daɗe, Gimbiyar fayil. Talakawanki sun tuba. Me kuma za a kawo, rago?"

Ina so in yi bayani, muryata ta gudu. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Kuma, tunda na ce zan faɗi gaskiya a kan marigayiya, a duk zamana a garin nan ban taɓa jin daɗin da na ji a wannan ɗan lokacin ba. Kofi biyu, faratha, luƙaimat, kuma Murjanatu na zaune a bayana tana gani.

Sai Hajiya Jummai ta hawo, tana dafa bango tana salati, ta ture masu kallo.

"Ina yarinyar? Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah ki fito. Kayan mutane ne a wuyana, na aure ne, an sa rana."

"Hajiya, ga ni a waje."

"To wa ke ciki da sunanki? Aljana?"

Alhaji ya fito daga ofishinsa. Dariya ta ɗauke. Ya ce, "Mahfuza, wasa ya isa." Bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Zainu ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, fuskarsa ta canja, na ga ya fara tunanin ko da gaske nake riƙe da kayan mutane don a lallashe ni. Goggo ba ta taɓa ƙarya ba, kowa ya sani. Tsakanin ni da ita, ita za a gaskata.

Kun san wa ya gaskata ni? Cikin duk mutanen da ke ɗakin nan, kun san wa?

"Ba laifinta ba ne, Alhaji," in ji Murjanatu. Ta taso ta dafa kafaɗata. "An kashe mata kwamfuta tana tsakiyar rubutu, kullen ya maƙale da sunanta. Ku daina takura mata, haram. Habibti, kar ki yi kuka."

Da ba ta ce kar in yi ba, da ban yi ba.

Tunda karatu bai haramta ba ko a kulle, Murjanatu ta kwafe fayil ɗin kaf zuwa tata kwamfutar, ta zuba shi a sabon tsarinta, wanda ashe ta daɗe da shirya shi tana jira. Ta sauka ƙasa da kanta, da abayar nan da ba ta yamutsewa, ta tsaya kusa da sikeli, Zainu yana kiran nauyi ita tana shigarwa. Kafin la'asar an rufe kwantena. Hajiya Jummai ta yi ta sa mata albarka har da su Allah ya ba ki miji na gari, tana faɗa tana kallon wanda ke kusa. Ina sama ina jiyo su. Luƙaimat ɗin Baba Labaran ne ya cinye.

Da yamma Alhaji ya ba da izini a kashe Goggo a sake kunnawa, ko za ta saki sunana. Ba wanda ya tuna rabon da a kashe ta. Baba Labaran ya danna, numfashin ya tsaya, ofis ya yi wani irin shiru da ban taɓa ji ba. Ya sake dannawa. Fitilar goshin ta kawo, ta yi *tak*. Ta yi *tak, tak*. Ta yi ƙoƙarin *ƙirit*, bai fito ba. *Tak*. Shi ke nan. Ta cika da sunana a bakinta, kuma ko wannan Murjanatu ba za ta iya ƙwace mini ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar kwamfutoci huɗu, waɗanda tuni suka saba da sabon gida kamar ba a cikinta suka ci suka sha ba. Ta bar furinta mai buga mana takardu, ƙawarta ta ƙuruciya, wadda tun ranar take cin takarda ba ta fitarwa, ita kaɗai ce na ga alamar ta damu. Ta bar shuɗayen wayoyi a jikin bango da ba sa zuwa ko'ina. Ta bar Baba Labaran, wanda har yanzu ba ya iya kallon fanka, ko da yake ba wanda ya ɗora masa laifi. Ta bar mai shagon shayi na kan kwana, da ya tare ni jiya yana tambaya ko mun koma wani shagon ne. Sannan ta bar ni.

Game da magajiyarta, wato sabon tsarin nan, ba zan yi mata ƙazafi ba. Na jira ta yi kuskure, na yi ta dubawa, ba ta yi ba. Tana da sauri, ba ta zafi, ba ta ƙara. Ba ta kuma da kunya ko kaɗan. Kowa na ciki a lokaci guda, maza da mata, kuma tana nuna sunan kowa da launinsa a daidai layin da yake. Na Zainu kore ne. Na Murjanatu ruwan hoda. Ni aka ba ni wani rawaya-rawaya kamar ruwan wanke-wanke. Ina zaune zan ga koren ya zo ya tsaya a wani layi, sai ruwan hodar ya biyo shi ya tsaya a nan, su daɗe, katan ɗaya. Wane irin katan ne wannan da sai mutum biyu? Goggo da ba za ta taɓa bari ba. Matattakala kuwa ta huta. Daga Talata zuwa jiya ban ji takun bibbiyu ba ko sau ɗaya.

Sai yau da hantsi. Na ji shi tun daga ƙasa, na ce kunnena ne. Ba fayil a kulle, ba wanda ya yi masa *ɗit*, ba abin da zai hawo da shi. Ya zo ya tsaya a gefen tebur ɗina, hannunsa a aljihu.

"Malama, an ɗaura auren kuwa?"

"Na gama wancan."

"Kin ga, kin hana ni labari." Ya kalli bayan ƙofa. "Yau za mu kai tsohuwar nan Sharjah. Alhaji ya ce sai wani daga sama ya bi mu ya shaida an fasa ma'ajiyarta, saboda sunayen mutane da ke ciki. Na ce ke ya kamata. Kuma ai Al Nahda kike, hanya ce, sai mu sauke ki a ƙofar gida ki huta da bas."

A gidanmu an koya mana in aka yi maka tayi ba ka cafkewa. Za ka ce a'a, a sake, ka ce ba komai, a sake na uku, sannan ka karɓa da mutuncinka. Ko abinci ne, ko kana jin yunwa kamar ka faɗi. Wannan shi ne dalili na farko. Na biyu kuma, idona na kan allo, kuma a daidai lokacin koren sunansa, da ya bar wayarsa a buɗe a ƙasa, yana zaune a layi ɗaya da ruwan hoda.

Na ce, "Ai Murjanatu ta fi ni sanin inda ake fasawa. Komai ita ta sani."

Ya ce, "Ke na tambaya."

Biyu ke nan. Na riƙe "to" ɗina a kan harshe, ina jiran na uku. Na ga ya buɗe baki.

"Ni?" in ji Murjanatu daga bayana, ta ji an ambaci sunanta. Ita a nan ta tashi, ba wanda ya koya mata lissafin nan. "Ba matsala, habibti, in kin gaji zan je. Yalla, mu je, da ma ina son in ga wurin."

Ya dube ni. Da na ɗago na ce a'a, ni zan je, da an gama. Kalma nawa ce? Na ci gaba da kallon allo kamar an rubuta mini wani abu a ciki. Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya ce, "To, khalas, shi ke nan." Ya sauka. Ɗai-ɗai ya taka.

Jana'iza za ta kasance yau Alhamis bayan sallar la'asar, in Allah ya yarda. An riga an yi mata sutura da ledar ɗaure kaya, an zagaye ta da salatif, Baba Labaran ne ya yi da hannunsa bai yarda kowa ya taya shi ba. Malam Zainul Abideen da Sabo direba ne za su sauko da ita. Za a ɗauke ta a bayan motar ofis zuwa unguwar masu gwangwan a Sharjah, inda za a ciro ma'ajiyarta a sa mata guduma a gaban shaida, sauran jikin a ɗora a sikeli. Shaidar ita ce Malama Murjanatu, wadda za ta zauna a gaba saboda sanyin esi. Alhaji ya ce duk ma'aikata su taru a ƙofa a ɗauki hoto kafin a tashi. Ba zaman makoki, ba sadakar uku. Mai son yin ta'aziyya zai same ni a tebur na kusa da taga, amma ba yau ba, don Allah.

Hanyar da za a bi da ita ta gaban ginin da muke kwana a Al Nahda take wucewa, tagar ɗakinmu kuma titin take kallo. In na samu bas yanzu zan riga su. Ban ce zan leƙa ba.

Ga shi ina jiyo Sabo na tayar da mota, ana kiran kowa ya sauko hoto. An kira Baba Labaran, an kira Murjanatu, ba a kai kaina ba tukuna. Akwai wata ƙofa ta baya da ke fita lungun masu turare. Jakata na kafaɗa, takalmana a hannu, don matattakalar can ma ta ƙarfe ce.